Gwamnatin Marasa Rinjaye: Amfaninta da Haɗarinta

A ƙasashen da ke bin tsarin firaminista, akan yi zaɓe a ƙare ba tare da wata jam'iyya ta samu fiye da rabin kujerun majalisa ba. Idan haka ta faru, ko dai jam'iyyu su yi gamin gambiza su raba muƙaman ministoci, kamar yadda NPC da NCNC suka yi a zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko kuma jam'iyya ɗaya ta kafa gwamnati ita kaɗai, tana neman goyon bayan 'yan hamayya a kan kowane ƙudiri. Wannan ta biyun ita ce gwamnatin marasa rinjaye.

Mutane da dama suna ɗauka irin wannan gwamnati ba ta iya tsinana komai. Tarihin Kanada ya ƙaryata su. Lester Pearson ya yi mulki daga 1963 zuwa 1968, jam'iyyarsa ta Liberal ba ta taɓa samun rabin kujeru 265 na majalisa ba. Amma a lokacinsa aka kafa asusun fansho na ƙasa da sabuwar tuta a 1965, aka kuma zartar da dokar inshorar lafiya ta kowa da kowa a 1966. Ƙaramar jam'iyyar NDP ta Tommy Douglas ta matsa masa lamba kan batun lafiya, shi kuwa yana bukatar ƙuri'unta, dole ya saurara. Amfanin ke nan: firaminista ba ya cin karensa ba babbaka, kowace doka sai ta sha tankaɗe da rairaya kafin ta wuce. A Denmark ma, yawancin gwamnatoci haka suke tafiya.

Sai dai a yi hattara. Ranar da majalisa ta yi watsi da kasafin kuɗi, ko ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, gwamnati ta faɗi. Haka ta faru da Joe Clark a Kanada a Disamban 1979, bai ko cika shekara a kan mulki ba. Ƙaramar jam'iyya kuma tana iya sayar da goyon bayanta da tsada: a 2017 sai da Theresa May ta Birtaniya ta ware wa Arewacin Ireland ƙarin fam biliyan 1 kafin jam'iyyar DUP ta yankin ta mara mata baya.

Saboda haka mai karatu, idan ka ji labarin irin wannan gwamnati, bincika wa ke riƙe da ita a majalisa, da kuma abin da aka ba shi ya yarda.