Yadda sinadaran girma ke gina ganyen wake, su kuma rusa shi

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma amfanin ganyensa bai tsaya ga ciyar da ƙwaya ba, domin shi ne harawar da makiyaya ke saye da rani. Shi kuwa girman ganyen nan, wasu sinadarai ne da shuka ke haɗawa a jikinta suke tafiyar da shi.

Na farkonsu shi ne oksin, wanda masani Frits Went ya tabbatar da aikinsa a 1926. Daga kan tsiro yake fitowa, shi ke tsara inda sabon ganye zai ɓullo da yadda jijiyoyinsa za su shimfiɗu. Jibarelin, wanda aka gano a Japan ta dalilin wata cutar shinkafa, yana miƙar da kara. Saitokinin, da aka fara samun nau'insa a Amurka a 1955, yana ƙarfafa rabuwar ƙwayoyin halitta, yana kuma jinkirta tsufan ganye. Idan fari ya zo, sinadarin absisik ne ke rufe ƙananan ƙofofin ganye don kada ruwa ya tsere.

Duk waɗannan a ɗan ƙanƙanin ma'auni suke aiki, idan suka wuce kima sai su zama guba. Maganin ciyawa na 2,4-D, wanda ya shiga kasuwa a shekarun 1940, kwaikwayon oksin ne. Masara, dawa da shinkafa suna jure masa in an fesa shi a kan lokaci, amma wake mai faffaɗan ganye ne kamar ciyayin da aka yi maganin dominsu. Da zarar ya taɓa shi sai kara ya murɗe, sababbin ganye su fito sirara ko su naɗe kamar cokali. Fure kan zube, kwanso ya ragu.

Haɗarin ya fi yawa a gonakin da ake haɗa hatsi da wake, kamar yadda aka saba a Arewa. Iska kan kwashi feshin maƙwabci, haka kuma injin feshin da ba a wanke sosai ba kan kai ragowar maganin cikin wake. Alamun suna kama da na cutar bairos, don haka manomi kan sayi wani magani na daban, asara ta ninku.

Nan ne aikin hukuma ya shigo. NAFDAC ce ke rajistar magungunan gona, cibiyar IAR ta Samaru da IITA ta Ibadan kuwa sun daɗe suna binciken wake. Abin da ya rage shi ne saƙon ya isa ƙauye ta bakin malaman gona: a ware injin maganin ciyawa daban, a daina feshi cikin iska, a rubuta gargaɗin da ke jikin kwalba da harshen da manomi ke karantawa. Kowace gonar da aka tsirar ragi ce ga farashin mudu a kasuwannin Wuse da Utako.