Me ya sa gajimare ke hallaka matuƙan ƙananan jiragen sama?

A daren 16 ga watan Yulin 1999, wani ƙaramin jirgin sama samfurin Piper Saratoga ya faɗa tekun Atlantika kusa da tsibirin Martha's Vineyard na ƙasar Amurka.

Matuƙin jirgin, John F Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya rasu tare da matarsa da kuma yayarta.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ba ta sami wata matsala a injin jirgin ba. Rahotonta na shekarar 2000 ya ce matuƙin ya kasa tantance sama da ƙasa ne, bayan da duhu da hazo suka rufe masa layin da sararin sama ke haɗuwa da teku.

Yadda kunne ke yaudarar matuƙi

Ɗan Adam yana sanin daidaituwarsa ne ta hanyar ido da kuma wani ruwa da ke can cikin kunne.

Idan jirgi ya shiga gajimare, ido ba ya ganin komai sai fari. In jirgin ya soma karkata sannu a hankali, ruwan kunnen yakan lafa bayan ɗan lokaci, sai matuƙi ya ji kamar a miƙe yake tafiya.

Daga nan hancin jirgin zai sunkuya, gudu ya ƙaru. Matuƙin da ya ja sitiyari domin ya ɗaga jirgin ƙara matse kwanar yake yi, har jirgin ya rinƙa juyi yana gangarowa ƙasa.

A wani gwaji da Jami'ar Illinois ta yi a 1954, dukkan matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da na'urori sun kasa riƙe jirginsu da aka hana su ganin waje. A matsakaici, daƙiƙa 178 kawai suka ɗauka.

Batun horo

A Amurka, sa'o'i uku na koyon tuƙi da na'urori doka ta wajabta wa mai neman lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kansa. Mai neman izinin shiga gajimare kuwa sai ya yi sa'o'i 40. Mista Kennedy bai kammala wannan horo ba.

Sai dai ƙwarewa ma ba ta hana faɗawa tarkon. A ranar 26 ga Janairun 2020, ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da wasu mutane takwas sun mutu a Kalifoniya, bayan da gogaggen matuƙin helikwaftansu ya kutsa cikin gajimare. NTSB ta ce mai yiwuwa matsin lambar da ya ɗora wa kansa na kai fasinjansa inda za shi ya rinjayi shawararsa.

Hazon hunturu da ke dakatar da jirage a Kano da Maiduguri shi ma yana iya ɓoye wa matuƙi ƙasa kamar haka.

Abin da ake koya wa matuƙin da ya tsinci kansa cikin gajimare shi ne ya gaskata na'urorinsa, ya yi watsi da abin da jikinsa ke gaya masa, ya juya a hankali ya koma inda ya fito, sannan ya nemi taimakon jami'an kula da zirga-zirgar jirage.

Amma shawarar da ta fi ceton rai ana yanke ta ne tun jirgi yana ƙasa: idan yanayi ya soma ɓaci, a fasa tafiyar.