Masu Kisa da Alƙalami

Akwai mutanen da abincinsu ke fitowa daga kisan kai, alhali ko kaza ba su iya yankawa. Kowace shekara sai sun kashe attajiri ko gyatumar wani basarake a takarda, su tara mutum bakwai ko takwas da za a zarga, sannan su turo ɗan sarki ko gimbiya mai barkwanci ta warware ƙullin. Littattafansu na isa har Togo. Wanda ya duba shimfiɗar masu sayar da tsofaffin littattafai a gefen titi, a Lome ko Sokode ko Dapaong, yana iya cin karo da su cikin fassarar Faransanci, a tsakanin littattafan lissafi da ƙamus na 'yan makaranta.

Gwanayen wannan aiki daga wutsiya suke farawa. Kafin a rubuta shafin farko, marubuci ya riga ya san wanda ya yi kisan, da abin da ya yi shi, da dalilinsa, da ƙaryar da zai yi in an tambaye shi. Daga nan sai ya zana jadawali: wane yana ina da la'asar, wa ya ga wa, ƙofa nawa gidan yake da su. Sai aiki mafi wuya, wato ajiye alamu a fili yadda mai karatu zai wuce su bai lura ba. A ce kuyanga ta faɗi cikin hira cewa kare bai yi haushi ba a daren. Shafi ɗari biyu gaba, wannan maganar ce za ta tona asirin ɗan gida. Idan mai karatu ya kai ƙarshe ya ce "ai da ma an gaya mini!", aiki ya yi kyau. Idan ya ce "daga ina wannan ya fito?", an cuce shi.

Sana'ar har dokoki gare ta. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera guda goma. Cikinsu akwai cewa dole mai laifin ya bayyana tun farkon labari, ba a yarda da gubar da duniya ba ta sani ba, ba a ɓullo da tagwaye kwatsam, kuma ba ruwan aljanu da warware magana. A 1930 marubutan suka kafa ƙungiyarsu a Landan, Detection Club, su Agatha Christie da Dorothy L. Sayers na ciki.

Sayers ce ta fito da basaraken da ya zama uban sauran, Lord Peter Wimsey, a 1923. Ƙanin wani babban hakimi ne, ga dukiya, ga surutu, ga baransa Bunter da ya fi shi natsuwa. Lokacin tana aikin rubuta talla a wani kamfani, aljihunta a bushe, kuma ta faɗa da kanta cewa takan huce haushin talauci ta hanyar saya wa Wimsey mota da dardumai a takarda. Na baya suka ɗauki salon suka mai da shi tarihi. Carola Dunn ta fara labaran Daisy Dalrymple a 1994, ta ajiye su a shekarun 1920. Rhys Bowen kuwa a 2007 ta kawo Lady Georgiana, jinin gidan sarautar Ingila a 1932, wadda ba ta da ko sisi, har tana sharar gidajen mutane a ɓoye don ta ci abinci.

Me ya sa sai ɗan sarauta? Ba don ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa ba. Ƙofa ce ke buɗe masa. Ɗan sanda sai ya tsaya a zaure, shi kuwa yana shiga har ɗakin uwargida, a kawo masa ruwa, a yi suɓul da baka a gabansa. Ba ya jiran albashi, ba mai kiransa ofis. Sannan akwai daɗin ganin manya suna ƙarya suna gumi, abin da talaka ko'ina yake so. Masu karatun Faransanci sun san wani yarima dabam, Malko Linge na jerin SAS, wanda Gérard de Villiers ya fara a 1965 ya kai littafi 200. Amma wannan ɗan leƙen asiri ne mai bindiga, ba ya cikin wannan layi. Namu da tambaya da murmushi yake aiki.

A ganina, marubucin Hausa da ke son wannan sana'a ba ya bukatar aron fadar Ingila. Ya dubi Sokode kawai. Garin na Kotokoli ne, waɗanda ke kiran kansu Tem, kuma unguwar Didawure tsohon masaukin fatake Musulmi ce a hanyar goro da ta taso daga Kano ta ratsa Bargu da Jugu ta nufi Salaga. A ce ayari ya sauka, ga madugu, ga jagaba, ga fatoma mai saukar baƙi, ga dillalin da ya san abin da ke cikin kayan kowa. Da asuba a tarar da wani falke a mace, jakar wurinsa na nan ba a taɓa ba, amma wasiƙar ajami da ya ɗauko ta ɓace. Ayari kuma zai tashi jibi, saboda haka kwana biyu ne kacal. Ga fadar Uro Jobo Bukari a Paratawo, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Jamusawa a 1889, ga tafintoci masu cin tudu biyu, ga watan Agustan 1914 da Jamus ta rasa Togo aka kwana ba a san wa ke mulki ba. Mai binciken ya zama ƙanen sarkin zango da aka raina don son dara, ko gwaggon sarki da ba wanda ya isa ya hana ta shiga gida. A arewa kuma, kusa da Dapaong, akwai kogunan Nok a jikin dutse, da rumbunan laka inda mutanen Moba suka riƙa ɓuya daga mahara a da. Wanda ya rasa inda zai ɓoye shaida a nan, ya nemi wata sana'ar.

Tarkon da zai fi kama marubucinmu shi ne dokar aljanu. A bikin Adosa na Sokode, maza kan goga wuƙa a jiki a bainar jama'a, kamar 'yan taurinmu. Babu laifi duk mutanen cikin labari su yarda cewa ƙarfe ba ya cin mamacin, wannan ma shi ne gishirin. Sai dai a babin ƙarshe dole a nuna hannun ɗan Adam, da wanda ya musanya wuƙar, da lokacin da ya yi. Wanda ya kira boka ya fallasa mai laifi ya rubuta tatsuniya ce, mai daɗi ko marar daɗi.

Sai binciken tarihi, wanda ke cin lokaci fiye da rubutun. Da me ake biya, wuri ko kuɗin Jamus? Kwana nawa jaki ke yi daga Jugu? Wa ke sa hannu a akushi ɗaya da wa? Kuskure ɗaya, a ce an sa wa mutumin 1890 agogon hannu, ya isa dattijo ya ajiye littafin. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Bakanon da ya zauna ƙarƙashin Jamusawa ya rasu a 1934, taska ce ga mai wannan nema.

Abin da ya fi wuya shi ne raha. Wancan zamanin ba na wasa ba ne: mahayan Kotokoli sun kai hare-hare, an kama mutane an sayar, Jamusawa sun sa aikin dole da bulala. Marubucin da ya share wannan don labari ya yi armashi ya yi wa masu karatu ƙarya, wanda kuma ya cika shafi da shi ya kashe dariyar. Sayers ta sami mafita ta hanyar ba Wimsey ciwo: ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da firgita, kuma duk lokacin da bincikensa ya kai wani ga igiyar rataya, barci kan gagare shi. Ƙanen sarkin zangonmu ma ya san ko su wane ne ke noma gandun wansa, da yadda aka kawo su, kuma wata rana ɗayansu ne zai zama shaidar da ba wanda ya tuna ya tambaya.