Ina Aka Kwana Kan Shafin Mujallarmu na Intanet?

Masu tsayawa gaban wannan allo kowace Litinin sun san cewa tun zangon da ya wuce muka yi alkawarin buɗe wa mujallarmu shafi a intanet. Da yawanku kun sha tare mu a hanyar aji kuna tambaya ina aka kwana. Wani ɗan aji uku ma har da alli ya rubuta a ƙasan allo cewa an cinye kuɗin data. Ba a cinye ba. Ga bayanin abin da ya faru, kuma mun ɗan tsawaita shi ne don mun san a cikinku akwai masu niyyar yi wa islamiyyarsu ko ƙungiyar matasan garinsu irin wannan aiki.

Tsofaffin ɗalibanmu da ke karatu a Kano da Zariya da Wudil ne suka fara kawo maganar. Sun ce suna kewar allon nan, kuma karantawa kaɗai ba za ta ishe su ba. Suna son su tofa albarkacin bakinsu a ƙarƙashin kowane rubutu, su tura shi zuwa WhatsApp da Facebook, kowa ya yi rajista da sunansa da hotonsa, ɗan Kiru ya gano abokin ajinsa na Doguwa da suka rabu shekara biyar. Muka ce wannan ai aikin yini ɗaya ne. Ashe hangen Dala muka yi, ba mu shiga birni ba.

Kafin a zo ga zumunta, shafi da kansa yana buƙatar abu uku, kamar mai son kafa rumfa a kasuwar Kwanar Dangora. Na farko suna, wato adireshin da mutum zai rubuta ya same ka. Sunayen da suka ƙare da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, kuma ta ware .sch.ng don makarantu, sai an nuna shaidar cewa makaranta ce ake bayarwa. Na biyu wurin ajiya, wato wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba, ana biyan hayarta. Suna da wuri duka biya ake yi ana sabuntawa, in shekara ta zagayo aka manta, rumfa ta rufe. Na uku manhajar da za ta jera kayan. Wadda ta fi yawa a duniya ita ce WordPress, da aka fara a 2003, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet da ita aka gina su. Waɗannan ukun malaminmu na kwamfuta ya taya mu, cikin mako guda rubutunmu na farko ya hau. Mun yi murna har da tafi.

Wahalar ta fara ne da muka zo saka abubuwan zumunta. Irin waɗannan manhajoji ba sa zuwa da komai a jikinsu. Akwai ƙananan manhajoji da ake jona musu, kowace da aikinta: wannan ta maɓallin turawa, waccan ta rajistar mambobi, wata ta tace sharhi. Akwai ma wata mai suna BuddyPress da ta fito a 2009, wadda ke mayar da shafi kamar ƙaramin dandalin sada zumunta. Mu da muka ga kyauta ne, sai muka yi ta jonawa, har guda tara a zama ɗaya. Da muka sake buɗe shafin sai muka ga fari fat, ko harafi ɗaya babu. Laifin namu ne. Mutane daban-daban ne suka rubuta waɗannan ƙananan manhajoji, ba su san da juna ba, kuma biyu daga cikinsu suna iya neman yin aiki ɗaya a lokaci guda su sarƙe. Da ɗaya bayan ɗaya muka saka muna gwadawa, da nan take mun gane mai rigimar. Sannan ba mu ajiye kwafin shafin ba kafin mu taɓa shi, don haka rubutu huɗu da muka kwana biyu muna bugawa sai da muka sake su daga farko. Saƙon da kwamfuta ta ba mu kuwa da Turanci ne, irin Turancin da ko malamin Turanci ya duba ya ce wannan ba nasa ba ne.

Maɓallin turawa shi ne mafi sauƙi, amma shi ma ya ba mu kunya. Mun tura labarin gasar kacici-kacici zuwa zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, sai ya fita dogon adireshi tsirara, ba hoto ba kanun labari, ba wanda ya taɓa shi. Daga baya muka fahimci cewa hoton da kanun da kuke gani idan an turo muku labarin jarida ba da kansu suke fitowa ba. Akwai wasu layuka a ɓoye a saman kowane shafi da ke gaya wa dandalin: ga sunan labarin, ga taƙaitaccen bayaninsa, ga hoton da za a nuna. Kamfanin Facebook ne ya fito da wannan tsari a 2010, sauran dandali suka bi. Mu ba mu cike layukan ba. Bayan mun cike ma sai da muka yi haƙuri, domin dandali yakan riƙe abin da ya fara gani na ɗan lokaci kafin ya sake leƙowa.

Rajista ce ta fi cin mana lokaci, kuma a nan ne muka gane cewa waɗanda suka ƙera waɗannan manhajoji ba da mu suka yi lissafi ba. Tsarin shi ne ka rubuta imel ɗinka, a aiko maka da saƙo, ka taɓa wani layi a ciki don a tabbatar kai ne. To wa ke buɗe imel a cikinmu? Yawancinmu mai shagon waya ne ya buɗe mana ranar da aka sayi wayar, kalmar sirrin ma tana wurinsa, in bai manta ba. 'Yan aji shida kuma sai lokacin rajistar JAMB suke tunawa suna da shi. Cikin waɗanda muka gwada da su, wasu ba su san adireshin imel ɗinsu ba, wasu saƙon ya faɗa akwatin tarkace, domin sabon shafi da ba a san shi ba manyan kamfanonin imel zarginsa suke yi. Muka ce to a koma lambar waya. Nan ma kowane saƙon tes da shafi zai aika kuɗi ne, kuma asusun ƙungiyarmu kun san yadda yake. Ga kuma abin da ba mu yi tunani ba tun farko: gidaje da yawa waya ɗaya ce, ta baba ko ta yaya, mutum huɗu ke amfani da ita. In ƙane ya shiga da sunansa bai fita ba, yayansa ya zo ya rubuta abin da ya ga dama, sunan wa zai fito?

Sai maganar haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A nan allo biro ke yin su ba gardama. A shafi kuwa ranar farko alamar tambaya da ƙananan akwatuna suka riƙa fitowa a madadinsu, har taken "Ƙasarmu" ya zama abin dariya. Dalili biyu ne. Kwamfuta lamba take ba kowane harafi, kuma sai an saita rumbun bayanan shafin a kan tsarin da ake kira UTF-8 kafin ya riƙe haruffan harsunan duniya daidai. Sannan ko an saita, salon rubutun da aka zaɓa don ado yana iya zama ba a zana masa waɗannan haruffa ba. Mun zaɓi wani mai kyan gani, muka dawo muka sauya shi da wanda bai kai shi kyau ba amma ya san ƙ. Wani ya ce a bar lanƙwasar mana, ai kowa zai gane. Malaminmu na Hausa ya ce a rubuta "ya bata" da "ya ɓata" a kai wa mai maganar ya bambance. Har yanzu akwai saura: wurin sunan shiga ba ya karɓar waɗannan haruffa, kuma wanda ya nemi "kasa" a akwatin bincike ba lalle ya samu rubutun da aka yi da "ƙasa" ba.

Nauyin shafi ma darasi ne. A ɗakin kwamfuta komai na buɗewa, sai wata ɗalibarmu ta je hutu wajen Riruwai ta dawo ta ce ita farin allo kawai ta gani yana ta juyawa. Wanda ya bi hanyar Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore ya san yadda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Hoto ɗaya na wayar zamani yakan kai megabait uku ko huɗu, mu kuma mun jera goma sha biyu daga ziyarar da muka kai madatsar ruwa ta Tiga. Kowane maɓallin zumunta kuma yakan jawo nasa kayan daga wani wuri kafin ya bayyana. Da muka rage girman hotunan muka cire maɓallan dandalin da ba wanda ke amfani da su a nan, shafin ya koma buɗewa ko da sabis sanda biyu ne.

Duk waɗannan gyara suke so, kuma an gyara. Abin da ya tsayar da mu shi ne abin da ya biyo bayan buɗe ƙofar sharhi. Kwana uku da buɗewa muka tarar da saƙonni fiye da na masu karatunmu gaba ɗaya, na caca da na maganin ƙarya, da harsunan da ba mu sani ba. Ba mutane ne suka zauna suka rubuta ba, wasu manhajoji ne da ke yawo a intanet suna neman duk ƙofar da aka bari a buɗe. Waɗannan akwai matatar da ke kama yawancinsu. Amma a cikin tarkacen akwai saƙo ɗaya da Hausa, da sunan ƙarya, yana faɗin mummunar magana a kan wata ɗaliba, har da ajinsu. Ya kwana a shafin kafin mu gani. Mun goge shi, sai dai ba mu san ko wani ya riga ya ɗauki hotonsa ba, kuma wannan ya hana wasunmu barci.

A wannan allo, kafin takarda ta hau sai edita ya karanta, uban ƙungiya ya sa hannu. In wani ya liƙa shirme da dare, da safe a yage, waɗanda suka gani ba su wuce 'yan makaranta ba. Ashe wannan tsari da muke ganin ɓata lokaci ne shi ke riƙe da mutuncin mujallar. A shafi kuwa mun buɗe zaure a bakin titi muka tafi muka bar shi ba mai gida. Kuma abin ya wuce kunya, akwai doka. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana hukunta mai amfani da kwamfuta ya tsoratar ko ya yi wa wani barazana. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 kuma ta ce kafin a tattara bayanan yaro sai da yardar iyayensa ko mai riƙonsa. Suna da hoto da lambar waya duk bayanai ne, kuma mu da kanmu muke shirin tara na ɗaruruwan yara a wurin da kalmar sirrinsa take rubuce a bayan littafin sakatarenmu.

Wasu malamai sun tambaye mu me ya sa ba za mu buɗe shafin Facebook kawai mu huta ba. Tambaya ce mai kyau, kuma za mu buɗe, don can mutane suke. Amma dokar dandalin ta ce sai mai shekara 13 zuwa sama, ga 'yan aji ɗaya da yawa ba su kai ba. Sannan gidan aro ne. A watan Yuni na 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, wata bakwai masu harka a can suna zaune. Ranar 4 ga Oktoba na 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Shi ya sa muke son asalin rubutunmu ya zauna a wurin da muke riƙe da makullinsa, dandali ya zama mai shela kawai.

Ga abin da muka tsayar tare da shugaban makaranta. Maɓallin turawa zai zauna, na WhatsApp da Facebook kaɗai. Sharhi zai buɗe, amma ba wanda zai fito sai ɗaya daga cikin editoci biyu ya karanta ya amince, kuma za mu riƙa dubawa ranakun Talata da Alhamis bayan an tashi, don haka wanda ya rubuta ranar Juma'a ya yi haƙuri. Rajistar mambobi da hotunansu mun ɗage ta, tsofaffin ɗalibai su ci gaba da neman juna a zaurensu na WhatsApp. Hoton ɗalibi ba zai hau ba sai an dawo da takardar amincewa daga gida, za a raba ta ta hannun malaman aji. Kalmar sirri an sauya ta, tana wurin mutum biyu.

Muna neman mutum uku da za su taya mu tace sharhi, aƙalla ɗaya mace, da kuma wanda ya iya saka allon rubutun Hausa a waya don ya koya wa sauran. Mai sha'awa ya same mu a ɗakin kwamfuta ranar Laraba bayan sallar Azahar. Adireshin shafin za mu liƙa shi a nan ranar da aka kammala gwajin ƙarshe daga Riruwai.