BIKIN TSAKIYAR HUNTURU A BAKIN KOGUNAN NEPAL

A wannan wata za mu leƙa wata ƙasa mai nisa da ake kira Nepal. Za mu ga yadda mutanenta suke taruwa a bakin kogi a tsakiyar hunturu, su yi wanka, su yi bautarsu, su ci kasuwa. Sunan bikin Maghe Sankranti. Ana yin sa ran 14 ko 15 ga watan Janairu, kowace shekara. Ga talakan Nepal wannan rana ita ce mararrabar shekara. A ranar ake sallama da tsananin sanyi. A ranar ake sada zumunci. A wasu wurare ma a lokacin ake yanke shawarar yadda za a zauna har shekara ta zagayo.

INA NE NEPAL?

Nepal tana cikin nahiyar Asiya. Ƙasar Sin tana arewa da ita. Indiya kuwa ta kewaye ta gabas da kudu da yamma. Ba ta da bakin teku ko kaɗan. Babban birninta shi ne Katmandu. A ƙidayar shekarar 2021 an sami mutum miliyan 29 da 'yan kai a ƙasar. Cikin kowane mutum 100, kimanin 81 mabiya addinin Hindu ne. Sauran akwai mabiya addinin Buda, da Musulmi, da Kirista, da masu addinin gargajiya.

Ƙasar ta kasu kashi uku. A arewa akwai manyan duwatsun Himalaya, inda dutsen Everest yake. Shi ne dutse mafi tsawo a duniya, ya kai mita 8,849. A tsakiya akwai tuddai da kwaruruka. A kudu akwai shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma da ake kira Terai. Manyan kogunan ƙasar daga duwatsun arewa suke gangarowa. Ƙanƙarar da ke narkewa a can tana cikin abin da ke ba su ruwa. Saboda haka ruwansu yake da sanyi ƙwarai.

MA'ANAR SUNAN BIKIN

Mutanen Nepal suna da kalandarsu ta kansu, ana kiran ta Bikram Sambat. Ta girmi kalandar Turawa da shekara 56 da 'yan watanni. Alal misali, watan Janairu na 2025 ya faɗo cikin shekararsu ta 2081. Watansu na goma shi ake kira Magh. Ran 1 ga Magh ake yin bikin. Kalmar Sankranti kuwa tana nufin ƙaurar rana daga wani gungun taurari zuwa wani. A wannan rana, a lissafinsu, rana ke shiga gungun taurarin da suke kira Makar.

Masana sun nuna cewa yini mafi gajarta a wannan sashe na duniya yana zuwa ran 21 ko 22 ga Disamba. Daga nan sai yini ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Amma lissafin Hindu yana bin taurari ne, shi ya sa bikin ke zuwa bayan kamar mako uku. A lokacin kowa ya fara ganin yini ya ƙara tsawo. Watan da ke gabanin Magh, watau Poush, ba a son ɗaura aure a cikinsa. Da Magh ya kama sai a buɗe bukukuwan aure.

ME YA SA SAI A BAKIN KOGI?

A imanin Hindu kogi abu ne mai tsarki. Wurin da koguna biyu ko uku suka haɗu ya fi kowane wuri daraja a gare su. Ku tuna yadda Neja da Binuwai suka haɗu a Lakwaja. To, irin wannan mahaɗa suke nema. Sun yi imani cewa wanda ya yi wanka a mahaɗa a wannan rana ya wanke zunubansa.

Ban da imani, yanayi ma ya taimaka. Daminar Nepal daga Yuni take zuwa Satumba. A lokacin koguna kan cika su yi ambaliya, ba mai iya kusantar su. Amma a watan Janairu ruwa ya ja baya, ya yi garau. Ya bar fili mai faɗi na yashi da tsakuwa a gaɓa. A nan ake kafa rumfuna. Har ila yau an gama girbin shinkafa, hatsi yana rumbu, aikin gona ya yi sauƙi. Manomi yana da lokacin tafiya, yana kuma da ɗan abin sayarwa.

YADDA AKE YIN WANKAN

Jama'a kan fara isowa tun ana jajibiri. Wasu a mota, wasu a ƙasa, da kwando goye a baya, an rataya igiyarsa a goshi. Da yawa a bakin kogin suke kwana. Sai su hura wuta su kewaye ta, suna waƙoƙin bauta har dare ya raba.

Tun da asuba, gari bai gama wayewa ba, ake shiga ruwa. Hazo ya rufe kogi, sanyi yana ratsa ƙashi. Maza da mata, tsofaffi da yara, kowa ya tsunduma. Mutum ya nutsa ya taso, ya kamfaci ruwa da tafin hannu biyu, ya fuskanci gabas ya zuba saboda girmama rana. Wasu kan zuba ruwa da riɗi da sunan iyayensu da suka mutu. Bayan an fito sai a sake tufafi, a nufi ɗakin bauta da furanni da 'yar fitila. Daga nan sai kyauta. Ana ba masu jagorancin bauta da mabarata shinkafa, da riɗi, da kuɗi.

MANYAN WURAREN TARO

Wurin da ya fi suna shi ne Devghat, kusa da garin Narayangadh. A nan kogin Kali Gandaki ya haɗu da kogin Trishuli. Da suka haɗu sai suka zama kogin Narayani. Shi ne ke wucewa Indiya, inda ake kiran sa Gandak, har ya faɗa cikin babban kogin Ganga. Dubban mutane ke zuwa Devghat ranar bikin, har da baƙi daga Indiya. Akwai gadar ƙarfe mai lilo da masu tafiya a ƙasa ke bi su haye. Wani abin lura shi ne, tsofaffi da yawa kan taso daga garuruwansu su tare a Devghat. Burinsu su ƙare kwanakinsu a nan. Al'adar Hindu ce a ƙona gawa a bakin kogi, a zuba tokar cikin ruwa.

Na biyu shi ne garin Ridi, a yammacin ƙasar. Shi ma a bakin Kali Gandaki yake, inda wani ƙaramin kogi mai suna Ridi ya shigo. Akwai tsohon ɗakin bauta a nan da ake kira Rishikesh. Taron Ridi kwana 3 ake yi ana cin kasuwa. A cikin kogin Kali Gandaki ana tsintar wasu baƙaƙen duwatsu masu zane kamar gammo. Sunansu shaligram. Mabiya Hindu suna ɗaukar su alamar abin bautarsu Bishnu, suna ajiye su a gida. Masana kimiyya kuwa sun gano cewa ɓawon wasu halittun teku ne da suka zama dutse. Watau miliyoyin shekaru da suka wuce, wurin da duwatsun Himalaya suke teku ne.

A gabashin ƙasar ana taruwa a Barahakshetra, a bakin kogin Koshi, da kuma bakin kogin Kankai. Sai garin Panauti, wanda ba shi da nisa da Katmandu. A can akwai wani babban taro da ake kira Makar Mela. Shi sau ɗaya ake yin sa cikin shekara 12, kuma wata guda cur ake ɗauka. An yi shi a 2010, an kuma yi a 2022.

CIN KASUWA DA ABINCIN RANAR

Da an gama wanka sai kasuwa ta ɗinke. A zamanin da babu hanyar mota, mutumin kan tudu yakan yi tafiyar kwanaki kafin ya iso. A irin wannan taro yake sayen kayan da za su kai shi shekara. Har yanzu ana baje barguna, da tukwanen ƙarfe, da lauje, da kwanduna, da awarwaro. Lokacin lemu ne kuma, ga shi nan tuli-tuli. 'Yan uwan da suka daɗe ba su gana ba sukan haɗu a nan. Makaɗa da maraya suna ta yi.

Abincin bikin ba zai zama baƙo gare ku ba. Akwai man shanu. Akwai chaku, wanda ake yi da ruwan rake da aka dafa har ya daskare, kamar mazarƙwaila. Akwai dunƙulen riɗi da zaƙi, kamar kantu. Akwai doya, da dankali, da gwaza, waɗanda ake dafawa tun daren jajibiri. Akwai kuma khichadi, watau dafa-dukar shinkafa da wani ƙaramin baƙin wake. Duk abinci ne mai maiƙo da zaƙi da ƙosarwa, irin wanda jiki ke bukata lokacin sanyi. Uwa ko kaka takan shafa wa 'ya'ya da jikoki mai a ka, ta sa musu albarka. 'Ya'ya mata da ke gidan aure ana gayyato su gida su ci tare da dangi.

RANAR YANKE SHAWARA GA KABILAR THARU

A ƙasar Terai akwai wata ƙabila ta manoma da ake kira Tharu. Su suna kiran bikin Maghi, kuma shi ne sabuwar shekararsu. Su ma da sassafe sukan tafi kogi ko tafki su yi wanka. In sun dawo sai su gaida manya. Maza kan keɓe shinkafa da wake da gishiri su kai wa 'yan uwansu mata da ke gidan aure. A cikin kwanakin Maghi ƙauye ke taruwa ya zaɓi shugabansa na shekara, wanda ake kira Badghar. A nan ake shirya aikin gayya, kamar gyaran hanya da magudanar ban ruwa. In 'yan uwa za su raba gandu, sai a lokacin.

Amma wannan rana tana da tarihi mai ɗaci. A da akwai wani tsari da ake kira kamaiya a yammacin Terai. Talaka yakan ci bashi wurin mai gonaki. Sai ya zama shi da iyalinsa suna yi masa aiki a bakin bashin. Ranar Maghi ake sabunta yarjejeniyar. Wanda bai biya ba, sai ya ƙara shekara. Ba shi da ikon barin ubangidansa, sai in wani mai gona ya biya bashin ya ɗauke shi. Yawancin waɗannan bayin Allah ba su iya karatu da lissafi ba. Mai gona ne ke riƙe da lissafin. Bashi ya yi ta hauhawa, uba ya mutu ya bar wa ɗa. A lokacin Maghi ne kuma dillalai kan shiga ƙauyuka su ɗauki ƙananan 'yan mata zuwa aikatau a gidajen masu hali. Ana kiran waɗannan yara kamlari.

Mutanen Tharu sun tashi tsaye, sun yi ta zanga-zanga. Ran 17 ga Yuli, 2000, gwamnatin Nepal ta haramta tsarin kamaiya, ta soke basussukan. A 2013 kuma ta yi shelar 'yanta kamlari. Duk da haka wahala ba ta ƙare nan take ba. Iyalai da yawa sun yi shekaru a bukkoki suna jiran ɗan filin da aka yi musu alkawari.

KOGI NA BUKATAR KULAWA

Taro mai yawa a bakin ruwa ba ya rasa haɗari. Akwai turereniya, akwai santsi, akwai wurare masu zurfi. Saboda haka hukuma kan zuba 'yan sanda da 'yan agaji a manyan wuraren wanka.

Babbar damuwa kuwa ita ce ƙazanta. Kogin Bagmati, wanda ya ratsa Katmandu, yana cikin kogunan da suka fi daraja a wurin Hindu. A bakinsa ma ana wankan wannan biki, a wani wuri da ake kira Shankhamul. Amma da birni ya cika ya batse, sai ruwan kwata da shara suka riƙa kwarara cikinsa. Ruwa ya yi baƙi, yana wari, har mutane da yawa suka daina shiga. A 2013 aka fara gangamin share kogin kowace Asabar. Ma'aikata da sojoji da 'yan makaranta suka fito, aka kwashe shara mai ɗimbin yawa. Amma kwashe shara kaɗai ba ya tsabtace kogi, muddin kwata tana zuba a ciki. Aikin hana wannan kuwa mai tsada ne, mai kuma ɗaukar lokaci.

To, jama'a, kun ji yadda ake bikin Maghe Sankranti. Mutanen Nepal sun ɗaure abubuwa da yawa a bakin kogi: bautarsu, da kasuwarsu, da zumuncinsu. In kogin ya lalace, duka ukun za su taɓu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.