Ƙarfen da Ake Sa wa Mutum a Jiki: Me Ke Hana Shi Tsatsa?

Duk matar da ta taɓa barin wuƙa ta kwana a ruwan gishiri ta san yadda wuƙar ke wayar gari da tsatsa. To, jinin ɗan Adam ma ruwan gishiri ne, kusan giram 9 a kowace lita, ga ɗumin digiri 37 dare da rana. Amma a haka likitoci ke zura ƙarfe cikin jijiya, ya yi shekara da shekaru a ciki.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙarafa shi ne Nitinol, wato gamin nikel da taitaniyam, inda nikel ke da kusan kashi 55 cikin 100 na nauyinsa. William Buehler ne ya haɗa shi a 1959, a ɗakin binciken makaman sojin ruwan Amurka da ke jihar Maryland. Abin da ya sa ake ribibinsa shi ne ba ya manta surarsa: a lanƙwasa shi, a matse shi cikin siririn bututu, da an sake shi sai ya koma yadda yake. A farkon shekarun 1970 George Andreasen na Jami'ar Iowa ya fara jera haƙora da wayarsa. Yau da shi ake yin 'yar ragar da ke buɗe toshewar jijiyar ƙafa ko ta wuya, da abin toshe hujin zuciyar yara.

Matsalar tana ga nikel ɗin. Shi ne yawanci ke sa kunne ko wuyan wasu mata ƙaiƙayi da ƙuraje, har ya yi ruwa, idan sun sa ɗan kunne mai araha ko sarƙar da ba zinariya ba. Abin ya kai Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 kan yawan nikel da kayan ado za su iya fitarwa.

To, yaya ƙarfen da fiye da rabinsa nikel ne ke zama lafiya a jiki? Sirrin yana bayansa. Da taitaniyam ya haɗu da iska, sai wata yana ta rufe shi, kamar wadda ke hawa kan madara idan ta huce, sai dai wannan ta fi gashin kai siranta sau dubbai. Ita ke tsare nikel a ciki, ta tsare gishiri a waje. Idan aka ɗan karce ta, takan sake haɗewa da kanta.

Sai dai ba kowace yana ce mai kyau ba. Idan masana'anta ta gasa ƙarfen ta bar shi haka, yanar kan yi kauri, ta tsattsage, ga nikel maƙale a cikinta. Kamfanin kirki yakan kankare wannan da lantarki da sinadari, ya bar sabuwa mai santsi. Shi ma ƙarfe mai kyan yakan saki nikel kaɗan a makonnin farko, daga nan ya ja baya. Marar kyau kuwa gishiri ke huda masa ƙananan ramuka, daga ramin kuma tsaga ke farawa. Ido ba ya bambance su, shi ya sa araha ba ta ado a nan.

Saboda haka, idan za a yi maka irin wannan aiki, a gida ne ko a Indiya ko Masar, ka tambayi sunan abin da za a sa maka da kamfanin da ya yi shi. Ka karɓi katinsa ka adana, za a nema ranar ɗaukar hoton MRI. A Nijeriya, NAFDAC ce ke rajistar kayan asibiti. Mai wayar haƙori ya ci gaba da goge baki kamar kullum, amma kada ya yi amfani da maganin kurkura mai fuloraid da tsami sai da izinin likita, domin haɗuwar biyun na cin yanar. Wayar haƙori ta gayu da ake saye a intanet kuma, a bar ta.

Ke kuma da ɗan kunne ke fasa wa kunne, kada ki ɗauka ƙaramar magana ce. Ki faɗa wa likita tun kafin ranar aiki. Akwai gwajin fata da zai nuna ko nikel ne.