Daga Magaribar Shahuci Zuwa Starlink: Yadda Iska Ke Yaudarar Masu Bibiyar Tauraron Ɗan'adam

Da yammacin azumi a Shahuci, cikin birnin Kano, idon matasa kan rabu biyu: ɗaya a kan manhajar lokutan salla a waya, ɗaya a kan rana da ke gangarawa wajen Goron Dutse. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a lokacin da ake ganin gindin rana ya taɓa ƙasa a fili mai shimfiɗa, ita ranar ta riga ta nutse. Iska ce ke ɗago hotonta.

Duk wanda ya taɓa saka ludayi a cikin ruwa ya ga kamar ya karye, ya san abin. Haske yana lanƙwasa idan ya ratsa daga abu mai sauƙi zuwa mai kauri. Iskar da ta lulluɓe duniya ta fi kauri kusa da ƙasa, don haka duk hasken da ya fito daga sama sai ya karkata kafin ya iso ido. A mafaɗar rana karkatar ta ɗan wuce rabin digiri, wato kusan faɗin ranar kanta. A Kano wannan yana jinkirta faɗuwar rana da kimanin minti 2, kuma manhajojin salla suna saka shi a lissafinsu, inda yawanci suke amfani da digiri 0.833 ƙarƙashin mafaɗa.

Wannan gyara da ke ɓoye a wayar mai azumi shi ne ke hana masu bibiyar tauraron ɗan'adam barci. Ɗaya daga cikin hanyoyin gano falakin tauraro, wato hanyar da yake zagaya duniya, ita ce ɗaukar hotonsa da madubin hangen nesa bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana na haska shi. Daga hotuna da yawa kwamfuta ke lissafa inda zai kasance gobe.

Matsalar ita ce, hoton ba ya nuna ainihin wurin. Idan tauraro yana tsaka tsakanin mafaɗa da tsakiyar sama, iska tana ɗaga shi da kusan kashi 1 cikin 60 na digiri. A ido ba komai ba ne. Amma ga tauraron da ke nesan kilomita 1,000, kuskuren ya kusa mita 300. Ga NigComSat-1R, tauraron sadarwar Najeriya da aka harba daga Sin a watan Disamban 2011, wanda ke kimanin kilomita 36,000 a sama, kuskuren ya kai kilomita 10.

Masana suna da dabara: sukan auna tauraron ɗan'adam da taurarin Allah da suka fito a bayansa cikin hoto, tunda an san matsayinsu sarai, kuma iska ɗaya haskensu ya ratso. Wannan yana share mafi yawan kuskuren, sai dai yana barin saura. Taurarin Allah suna can nesa matuƙa, shi kuwa na ɗan'adam yana kusa, saboda haka karkatar ba ta zama daidai. Bambancin kan kai 'yan mitoci, ya kuma haura mita 10 idan tauraron ya yi ƙasa sosai. Dole sai an cire shi da lissafi na daban.

Yanayin gari ma yana da ta cewa. Jadawalin da aka saba amfani da shi an gina shi ne a kan sanyin digiri 10 a bakin teku. Kano kuwa tana kan tudu na kusan mita 500, kuma a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka karkatar takan ragu da fiye da kashi 10 cikin 100. Shi ya sa ake ajiye ma'aunin zafi, da na nauyin iska, da na laima kusa da madubin.

Me ya sa ake wahalar kai a kan 'yan mitoci? Taurarin da ke kusa da duniya suna gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya. Ranar 10 ga Fabrairun 2009, Iridium 33 na Amurka ya yi karo da mataccen tauraron Rasha Cosmos 2251 a saman Saiberiya, suka tarwatse zuwa gutsattsari fiye da 1,500. Yau hanyar ta fi cunkoso: Starlink kaɗai yana da dubban taurari, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023. Lissafi mara kyau kan sa a kauce wa haɗarin da babu shi a ƙona mai a banza, ko a zauna alhali haɗari na tafe.

Ita ma wayar hannu ba ta tsira ba. Saƙon GPS, da ke sauko daga nisan kilomita 20,200, yana jinkiri a cikin iska, kuma wayar ce ke rage wannan kuskure kafin ɗigon shuɗi ya tsaya a taswira. Mai kiran ɗan sahu ko mai kawo saƙo zuwa wani lungu a Shahuci yana cin moriyar wannan lissafi kullum, ko da bai taɓa ɗaga kai ya dubi sama ba.